Saura yatsa biyu: maganar maida bwat bayan canjin ambiriyaji



Yau maganar mota za mu yi, kuma aiki guda ɗaya cikin gyaran mota: maida bwat, wato akwatin giya, a mazauninta bayan an canja ambiriyaji. Na san wani zai ce wannan ai zancen makanikai ne. To, duk wanda ya taɓa biyan kuɗɗin mota daga Maraɗi zuwa Tasawa, ko ya sa iyalinsa cikin Hiace zuwa Ƙonni, zancen ya shafe shi. Motocin hayar da muke shiga kusan dukansu masu giyar hannu ne. Da yawansu sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su sauka tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome. Nan kuma mu ɗora musu lodi har bisa rufi, mu sa su cikin rairayi, ga zafin rana. Ambiriyaji kamar takalmi yake, dole ya cinye, dole wata rana a canja shi.

Abin da na lura da shi, idan ranar ta zo, mai mota duk ƙarfinsa kan sayen kaya yake ƙarewa. Na asali ne ko jabu? Sabo ne ko cire-cire? Daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo shi ko daga Katako ta Yamai? A yi ciniki, a yi rantsuwa, a rage jika biyu. Da ya saya sai ya miƙa ma makanike kwali, ya koma gindin mai shayi yana jiran a kira shi. Alhali a cikin awa ɗayan nan da ake maida bwat ake sanin ko sabon kayan zai yi shekaru ko sati ɗaya zai yi.

Bari in ɗan warware ma waɗanda ba su taɓa leƙa ciki ba. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, mai haƙora a gefensa, makanikai na ce mishi bolan na inji. Muddin inji na aiki, yana juyawa. A jikinsa ake ɗora diski, faifai mai irin fatar birki gaba da baya, sannan a rufe shi da filato, wanda ke danne diskin da ƙarfin sifirin. A tsakiyar diski akwai rami mai zara-zaran haƙora. Daga cikin bwat wata sandar ƙarfe ke fitowa, ita ma da irin haƙoran, ta ratsa ramin. Idan direba ya taka feda, wani rulma da ake kira bute ya tura tsakiyar filato, filato ya saki diski, inji ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, a samu damar canja giya. Idan ya ɗaga ƙafa, filato ya sake damƙe diski, ƙarfin inji ya wuce zuwa tayoyi. Ƴan uwanmu na Najeriya kuloci suke ce ma wannan haɗi. Tunda tsakanin inji da bwat yake a rufe, ba a iya kaiwa gare shi sai an sauke bwat gaba ɗaya. Saukewa ba ta da wuya sosai, nauyinta ma na taimakawa. Wurin maidawa ake gane makanike.

Ni ta kan yayana na san wannan. Direba ne, Hiace gare shi irin mai wuri 19 ɗin nan, yana bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kilomita kusan 240 a kan babbar kwaltar ƙasa. Da motar yake ciyar da gidansa, da ita yake kai ma mahaifiyarmu nata hatsi. Bara, saura kwana 10 babbar Sallah, ambiriyajinsa ya gama. Inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, wari kamar na ƙonannen tsumma na tasowa. Ya sayi kaya sabbi cikin kwali, diski da filato da bute, ya kai wani gareji kusa da tasha. Ya ce musu: "Yau nake son motata. Fasinja sun cika tasha, satin nan shi ne shekarar direba."

Sun fara bayan azahar. Kafin magariba mota ta tashi. Ya yi murna da saurin, har ya ƙara ma yara kuɗɗin abinci.

Tun safiyar farko ya ji abin bai zauna ba. Giya ta ɗaya da ƙyar take shiga. Giyar baya sai ta yi ƙarrr kamar ana niƙan tsakuwa. Wurin tashi mota na karkarwa. Ya koma ya faɗa, aka ce mishi sabo ne, zai zauna da kansa. Kwana 6 bayan haka, tsakanin Agye da Gazawa, mota cike da mutane da raguna bisa rufi, ya taka feda giya ta ƙi shiga ko ɗaya. Ya yi dabarar direbobi: ya kashe inji, ya sa giya, ya tada motar a haka, ya lallaɓa har cikin Gazawa. Daga nan tafiya ta ƙare. Fasinja suka ce a maida musu kuɗɗinsu, kuma suna da gaskiya. Akwai wata mata da ɗanta maras lafiya, asibitin Damagaram za ta kai shi, sai da ya tsaya bakin kwalta yana roƙon wata mota ta ɗauke ta. Aka jawo Hiace da igiya zuwa Maraɗi. Satin Sallah ya wuce motar na kwance, ragon layyar gidansa da bashi aka saye shi.

Kuɗɗin kaya na biyu ni na ranta mishi, don haka na ce sai na ga inda za su shiga da idona. Wannan karon wurin wani dattijo aka kai ta, wanda ya koyi aiki a kan Fijo 404 da 504, tun zamanin da 504 haɗin Kaduna ke cika hanyar Jibiya. Garejin nasa rumfar kwano ce da rami na siminti da yara huɗu. Da aka sauke bwat, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya jera kayan.

Yayana ya ce: "Baba, jabu suka sayar mini ko?"

Dattijon ya ɗauki diskin ya miƙa mishi. Fatar jikinsa sabuwa ful, ko rubutun bai goge ba. Amma da ya sa shi a yatsa ya juya, sai ga shi yana rausaya kamar faifan tabarma da ya sha ruwa. Tsakiyar ta lanƙwashe, ɗaya daga cikin ƙananan sifirin ɗinsa ya fice ya maƙale cikin filato. Ya haska tocila a tsakiyar bolan ya nuna muna wani ɗan ƙaramin rulma, wanda bakin sandar bwat ke zama cikinsa: ya farfashe. Sannan ya goge bakin kaskon bwat da tsumma, ga wata siririyar tsaga kusa da ramin noti.

Ya ce: "Kayanka lahiya lau suke, direba. Da noti aka jawo ta."

Ga abin da yake nufi. Idan ana maida bwat, takan shiga ta shiga, sai ta tsaya cak, saura yatsa biyu ta haɗe da inji. A tura, ta ƙi. A girgiza, ta ƙi. Nan ne wanda ya gaji yake ɗauko dogon noti, ya zura, ya kama kile yana ɗaurewa, notin ya jawo bwat da ƙarfin tsiya har ta manne. A ido ya yi kyau. Amma abin da ya hana ta shiga yana nan, murƙushe shi aka yi. In haƙoran sanda ne ba su dace da na diski ba, tsakiyar diskin ta lanƙwashe. In bakin sanda ne bai sami ɗan rulman ba, rulman ya fashe. Kaskon bwat kuma sanholo ne, ba ya jure a ja shi ta kunne ɗaya, sai ya tsage.

Na zauna bisa wata tsohuwar taya daga hantsi har la'asar ina kallon yadda ya maida ta, kuma zan faɗa muku kamar yadda na gani.

Ya fara da bolan. Ya wanke fuskarsa da esansi, ya goga sanfefa, ya bi shi da farce yana neman tsaga ko tabon ƙuna. Ya duba jwan sipi, robar da ke tare man inji a wannan gefen. A bushe take. Ya ce da ta nuna danshi da yanzu za a canja ta, don kuɗɗinta kaɗan ne, amma in ta fara yoyo daga baya, mai ya jiƙa diski, sai an sake sauke bwat kafin a kai gare ta. Ya cire fasasshen rulman ya doka sabo a hankali, a miƙe.

Ya fito da sabon diski ya juya shi a hannu, sannan ya miƙo mini. "Ɗan lekol, karanta muna abin da Bature ya rubuta nan." Na karanta: côté boîte, wato wannan fuskar ita ke kallon bwat. Ya yi dariya, don tun kafin in buɗe baki haka ya riƙe shi. Gefen da tsakiyar ta fi tudu shi ke kallon bwat a yawancin motoci. In aka juya shi, tudun ya riƙa gugar notocin bolan, ambiriyaji ba zai saki ba ko an taka feda har ƙasa.

Kafin ya ɗora diskin, ya fara zura shi a kan sandar bwat tana ƙasa, ya ga yana zamewa gaba da baya ba tare da cijewa ba. Giris ɗin da ya shafa ma haƙoran bai fi kan ashana ba, ya kuma goge abin da ya fito. Wani yaro ya ce a ƙara. Ya ce mishi a'a: in ya yi yawa, juyawar inji za ta watsa shi kan fatar diski, mota ta riƙa santsi da karkarwa, ga ƙurarmu da ke manne ma duk abu mai maiƙo.

Sai babban abin. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani guntun ƙarfe, sandar wata matacciyar bwat da ya yanke ya aje. Ya zura ta cikin diski har bakinta ya shiga ɗan rulman, ta riƙe diskin a tsakiya daidai. Akwai na roba da ake sayarwa, wasu kwalaye ma da shi suke zuwa. Wasu makanikai sandar tsintsiya suke naɗe ma salatif su yi aiki da ita. Wasu kuma da ido suke aunawa, kuma nan matsala ke farawa, don da zarar filato ya danne diski ba ya sake motsi. In ya karkace ko da kaurin ƙwayar gero biyu ne, sandar bwat za ta shiga haƙoran diski amma bakinta ba zai sami rulman ba.

Notocin filato guda 6 ne. Bai ɗaure ɗaya ya gama ya koma na kusa da shi ba. Rabin juyi nan, rabin juyi a wanda ke fuskantarsa, yana tsallakawa yana zagayawa har filaton ya kwanta lokaci ɗaya. Ya ƙarasa da kile mai awo. A da yawa daga motocinta Toyota Nm 19 ta rubuta ma waɗannan notoci, ɗauri ne maras yawa, ba ya bukatar a ƙara ma kile bututu a hau kai. Da ya gama, ya ja guntun sandar da yatsa biyu, ta fito sumul, ya maida ta shiga sumul. Ya ce in ta cije a nan, gara a sassauta a sake, da a je ana kokawa da bwat cikin rami.

Ya sa sabon bute a kan furshet, ƙarfen da ke tura shi, ya gwada ya ga maƙallansu sun kama. Sannan ya shafa bakin inji yana neman wasu ƴan gajerun turaku guda biyu da ke fitowa daga jikinsa. Ɗaya na nan, ɗaya babu, ya ɓace a wancan garejin. Ya aiki yaro kasuwar cire-cire, aka zauna jira. Yayana ya ce: "Baba, ɗan ƙarfen nan ne zai tsaida mu? Ai notoci na nan." Ya ce mishi notoci matsewa kawai suke yi, akwai ɗan wasa cikin raminsu. Turakun nan biyu su ke sa tsakiyar bwat ta dace da tsakiyar inji. In babu su, sanda a karkace za ta yi ta juyawa, diski ya yi ta lanƙwasa kowane zagaye har tsakiyarsa ta tsinke.

Da yaro ya dawo, dattijon ya ɗaura wasu dogayen notoci biyu da ya yanke ma kai a jikin inji, su zama hanyar da bwat za ta zame a kansu. Aka ɗora ta bisa kirik da katako, yara biyu na riƙe da gefe. Ya ja musu kunne: in sanda ta fara shiga, kada wanda ya saki, don in nauyin bwat ya rataya a kan diski ko na ɗan lokaci ne, ya lanƙwasa shi ke nan. Bwat ɗin ƙaramar mota kan kai kilo 30 zuwa 40, ta Hiace ba ta kasa haka ba.

Tsayawar farko saura kamar faɗin tafin hannu. Nan haƙora ne suka ci karo. Ya sa bwat ɗin cikin giya ta 4, ya kama bayanta inda kardan ke shiga ya murza kaɗan, sandar gaba ta juya, haƙora suka faɗa cikin juna, ta matsa. Sai tsayawa ta biyu, saura yatsa biyu. Aka tura, shiru. Aka girgiza, shiru. Gumi na zuba, yaran hannuwansu na rawa. Yayana na kai da kawowa a bakin rami yana duba agogon waya. Na ga babban yaron ya miƙa hannu ya lalubo dogon noti.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Aje shi."

Yaron ya ce: "Maigida, kaɗan ya rage hwa."

Ya ce: "Bwat da hannu take shiga. In ba ta shiga da hannu ba, akwai abin da take gaya maka."

Ya sa yatsu ya auna tazarar ta sama, ta ƙasa, ta dama, ta hagu. Ta sama ta fi ta ƙasa buɗewa, ke nan gindin bwat ya yi ƙasa. Aka ɗaga kirik kaɗan. Ta ƙi. Ya ce a ja ta baya. Ya leƙa da tocila, ya ga wata waya ta saƙalo tsakanin ƙarfen biyu, ya janye ta ya ɗaure gefe. Da da noti aka ja, da an datse ta a ciki. Aka sake turawa, yana aunawa da yatsa, a karo na uku sai muka ji ƙwas. Baki ya haɗu da baki ko'ina, babu inda haske ke wucewa. Wannan yatsa biyun ya ci kusan minti 40. Sai a lokacin ya sa notoci, kowanne da yatsa ya fara murza shi har dukansu suka kama, kafin kile ya taɓa ko ɗaya.

Abin da ya rage ƙanana ne, amma kowanne na iya tsaida mota a daji. Demarer da wayoyinsa. Wayar mas da ke haɗa inji da jikin mota, wadda in aka manta da ita wuta kan bi ta wata hanya ta ƙone siraran wayoyi. Wayar fitilar giyar baya. Igiyar kwantar gudu. Robar da bwat ke zaune a kanta. Kardan, wanda ya yi ma alama da alli kafin a cire, ya maida shi a kan alamar don kada mota ta riƙa jijjiga a guje. Ya buɗe notin gefe ya zuba man bwat, irin mai lamba 80W-90, har ya fara dawowa ta ramin, lita 2 da wani abu. Hiace da man birki fedarta ke aiki. Tunda ba a buɗe bututun ba, bai sha iska ba. Da an buɗe sai an fitar da iskar kafin feda ta yi tauri. Batir shi ne na ƙarshe da aka haɗa, kamar yadda shi ne na farko da aka cire.

Gwajin da ya yi kowane direba zai iya yinsa. Ya tada inji mota ba ta cikin giya, ya saurara. Ya taka feda har ƙasa, ya ƙirga uku, ya sa giyar baya: ta shiga shiru. Giyar baya ita ke tona asiri, don a tsofaffin motoci da yawa ba ta da zoben da ke daidaita gudu kamar sauran, in diski bai saki sosai ba nan take za ta yi gurnani. Sannan ya ja birkin hannu, ya sa giya ta 3, ya ɗaga ƙafa a hankali, inji ya mutu. Haka ake so. In inji ya ci gaba da aiki, ambiriyaji na santsi. Ya ce ma yayana ya lallaɓa ta tafiya biyu ko uku, ba fizga, ba ɗora ƙafa bisa feda ana gudu.

Masu taksi na Yamai da masu Corolla da Starlet, ku naku ya ɗan bambanta. Tayoyin gaba ke ja, bwat na gefen inji, kardan biyu ke fita daga cikinta. Da yawansu ba su da ɗan rulman nan na tsakiyar bolan, amma daidaita diski da turakun nan biyu da haramcin ja da noti duk ɗaya ne. Ƙarin naku shi ne mai: da an zare kardan man bwat ke zubewa, kuma bwat da aka manta ba a zuba ma mai ba tana iya tafiya lafiya daga gareji zuwa gida, ta ƙone kanta a kan hanyar Doso. Ku tambaya, ku ga an zuba.

Na daɗe ina tunanin mi ya sa ake jan bwat da noti, tunda duk makanike ya san ba daidai ba ne. Ban ga mugunta a ciki ba. Kuɗɗin aiki ɗaya ne, ko an yi awa 3 ko an yi awa 8, kuma mai mota ya riga ya matse shi wurin ciniki har ba sauran ruwa. Gareji da yawa ba rami, ba kirik na kirki, yaro ne ke kwance a rairayi da ƙarfe mai kilo 40 bisa ƙirjinsa, cikin zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Mai mota na tsaye a kansa yana cewa fasinja na jira. Noti na gefe, kuma minti biyar zai gama abin. Mafi muni, motar takan tashi ta fita lafiya. Ɓarnar sai bayan kwanaki take bayyana, a wani gari mai nisa, a hannun wani makanike, kuma kowa ya ce kaya ne jabu. Yaron da ya ja notin ba zai taɓa ganin diskin da ya lanƙwasa ba. Gobe shi ne maigida, ya koya ma nasa yaran haka. Jabu na nan a kasuwa, ba wanda ya musa, amma wasu daga cikin kayan da muke zagi lafiyarsu ƙalau aka sa su.

Don haka masu mota, rabin gyaran nan a hannunku yake. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ku kai mota da safe, ku ba aikin wuni guda, kada a fara shi bayan azahar ana tseren magariba. Kada a jira jajibirin Sallah ko ranar kasuwa. Ambiriyaji na ba da sanarwa makonni kafin ya mutu, da feda ta fara kamawa can sama da inji ya fara ihu a hawa. In an buɗe, a canja diski da filato da bute tare, da ɗan rulman in motar na da shi, don kuɗɗin sake saukewa ya fi nasu. Ku rage ciniki a kan kuɗɗin hannu. Ku tambayi makanike da mi zai daidaita diski, ya nuna muku. Sa'ar da za a ɗaga bwat ku aje kofin shayi ku zo ku tsaya, ku yi shiru, kuma in kun ga ta tsaya ana laluben dogon noti, ku ce ba ku gaggawa. Kalmar nan kaɗai na iya sauke ma yaro nauyi. Ku gwada giyar baya kafin ku biya. Ku karɓi tsofaffin kayan ku duba su.

Akwai kuma maganar rai. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana bisa kirik kaɗai, ko bisa bulo na siminti da ke iya rugujewa ba sanarwa. A sa ƙafafun ƙarfe ko kututture mai kauri a kan katako, a tare tayoyi gaba da baya, don wurin girgiza bwat ake girgiza motar duka, kuma rairayi ba ya riƙe komai. Baƙar ƙurar da ke cikin kaskon bwat ma kada a hura ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tana cutar da huhu. Waɗannan yara ɗiyan mutane ne da aka kawo koyon sana'a.

Ku kuma iyayenmu makanikai, masu gareji na Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Madawa da Ƙonni, kun fi ni sanin duk abin da na rubuta, kuma akwai dabarun da ban gani ba, ku ƙara muna. Roƙona ɗaya ne. In an kawo muku mota da lanƙwasasshen diski, kada ku jefa shi cikin tarin ƙarfe. Ku tara yaranku ku juya shi a gabansu su ga yadda yake rausaya, ku gaya musu abin da ya yi shi. Sannan kowane yaro da zai fita ya buɗe nasa wuri, ku yanke mishi guntun sandar bwat ya tafi da ita.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai matafiya gida lafiya, ya sa albarka a sana'ar kowa.